Laifin Sifikar Hagu

Litinin, da hantsi

Sifikokin sun iso. Ƙarti ne suka shigo da su, kowace ta kusa kai ni tsawo, Maigida yana gabansu yana tafiya da baya yana ta cewa "a hankali, a hankali." Wanda ya kamata a ce wa a hankalin shi ne, amma ba da wannan zan fara ba.

Shekara da shekaru yake tara kayan sautin nan ɗaya bayan ɗaya. Na'urar faifai tun muna gidan haya, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti bayan ya yi ritaya, sai wayoyi masu kaurin tiyon ban ruwa. Ɗakin da na so ya zama na baƙi ya cinye shi. Ya rataya labule mai nauyi, ya shimfiɗa kafet, ya kori kabad ɗin gilas ɗina wai kofuna suna amsawa idan an buga ganga. Kujera ɗaya tak ce a ciki, a tsakiya, ya yi wa ƙafafunta alama da salatif a ƙasa don kada mai shara ta gusar da ita. Mai sharar kuwa ni ce.

Na ce, "Baban yara, to an gama ke nan?"

Ya ce, "Malama, yanzu aka fara. Sayen kaya kowa ya iya. Ajiye su ne aiki."

Likita ya ce mu koma cikin makon nan a zauna a kan hoton cikin kansa da aka ɗauka a asibiti, kuma kada a ja lokaci. Na tuna masa. Ya ce bari ya ga bayan sifika tukuna.

Talata, bayan la'asar

Wuni na yi riƙe da bakin tef ɗin awo. Daga bango zuwa sifika, daga sifika zuwa 'yar'uwarta, daga kowace zuwa inda kansa zai kasance idan ya zauna. Sai ya matsar da ɗaya kamar faɗin yatsa, mu sake aunawa. Yana yi yana yi mini karatu, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane. Ya ce mutane suna zaton tsadar kaya ce sauti, alhali ɗaki ne. Ya ce idan an ajiye su daidai, sifikokin ɓacewa suke yi, sai ka ji mai waƙa tana tsaye a tsakiyarsu, kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta.

Da faifai ɗaya yake gwaji, na wata mata mai sanyin murya, ita da jita kawai. Ya ɗora allura ya zauna, ya rufe ido. Ni ina bakin ƙofa ina kallon bayan kansa. Na yi zaton zan ga kafaɗunsa sun sauka, irin na wanda ya sauke kaya. Ba su sauka ba.

Ya ce, "Ta karkata dama. Ta hagu, ta wajen taga, ba ta bayarwa sosai."

Na ce to. Me zan ce.

Laraba, da yamma

Bai kira likita ba.

Alhamis, bayan azahar

Yana da ƙa'ida, kuma da ita yake alfahari: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Idan ɓangare ɗaya ya yi rauni, sai ka musanya wayar hagu da ta dama. In raunin ya bi waya ya koma ɗaya gefen, ka kama ɓarawonka. In ya tsaya inda yake, waya ta kuɓuta, sai ka nemi na gaba. Yau wayoyi suka sha tuhuma. Ya durƙusa bayan kayan nan da tocila a baki, ya musanya na faifai, ya saurara, ya musanya na sifika, ya saurara. Raunin yana nan wajen taga, bai motsa ba.

Na kira shi cin abinci daga baranda sau ba adadi, bai amsa ba, sai da na zagayo ta ɗaya gefen. Na ce masa daga yau kujerata zan canza a tebur, fanka tana damuna a waccan. Ya dube ni, ya dubi fankar da ba a kunna ba, ya ci gaba da cin abincinsa.

Asabar, da hantsi

Malam Dogo ya zo ganin amare, haka yake kiran sifikokin. Abokinsa ne tun suna samari, kuma ciwonsu ɗaya, na son kayan sauti. Na kai musu shayi na tarar an dasa tsohuwar gardama. Dogo ya ce sifika ce uwa, duk abin da ka zuba ta bakinta zai fito. Maigida ya ce ɗaki ne, ka sa sifikar duniya a banɗaki ka ji abin da za ta ba ka. Dogo ya ce to allura fa, abin da ba ta ɗauko daga faifai ba wa zai ƙirƙiro shi? Na ce ni a ganina wutar lantarki ce, don ranar da aka ɗauke ta duk ku biyun tagumi kuke yi. Suka yi dariya, Dogo ya ce Malama ta kashe bakin kowa.

Daga nan Maigida ya tashi ya ba shi kujerar. Wannan ba ƙaramar karramawa ba ce. Dogo ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna, aka ɗora faifai. Na ga fuskarsa ta buɗe, har leɓensa ya motsa zai yi magana, sai Maigida ya riga shi.

"Ka ji ko? Hagu ta mutu rabi."

Dogo ya juyo. Ya ɗago ido ya same ni a bakin ƙofa, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara kofuna a faranti.

Ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka gwada amfilifaya."

Na ji haushinsa, kuma na gode masa. Har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba.

Lahadi, da yamma

Mamansa ta zo, wato 'yarmu, da ya sa wa sunan mahaifiyarsa kuma ya sangarta ta da wannan dalilin. Tun a kicin ta tare ni.

"Umma, kun koma?"

Na ce ba mu koma ba.

"Me kuke jira? Ya yanke jiki ya faɗi ne tukuna?"

Na ce ta rage murya. Sai na tuna ba lallai ba ne, kuma wannan tunanin ya fi maganarta yi mini zafi.

Shi kuwa murna ta cika shi, ya ja hannunta zuwa ɗakin. "Mamana, zo ki ji abin da tsohonki ya haɗa. Saura ƙiris." Ya zaunar da ita, ya gyara mata kai da hannu biyu kamar mai ɗaukar hoto. Aka ɗora faifai. Ya tambaye ta ina mai waƙar take tsaye.

Yarinyar nan ba ta iya kwana-kwana ba, halin kakarta ta ɗauko tare da sunan. Ta ce, "A tsakiya take, Baba. Daidai tsakiya."

Ya ɗage allurar. Ya ce yaran yanzu sun kashe kunnensu da waɗannan 'yan abubuwan da suke cusawa, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya faɗa da dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta rungume shi ta baya, ta daɗe a haka, shi kuma yana ta goge faifan da ƙyalle kamar bai san tana nan ba.

Da za ta tafi ta ce idan ban iya ba ita za ta zo da mijinta su sa shi a mota. Na ce mata ubanta ba buhu ba ne.

Litinin, da safe

A baranda ya yi tangaɗi ya dafa bango. Ya ce silifas ne. Na jefar da silifas ɗin don kada ya ji kunya.

Laraba, bayan la'asar

An kai amfilifaya wurin mai gyara, gidan ya yi tsit. Ni da na sha yin addu'ar a ɗauke wuta don in huta da matar nan da jitarta, yau ga ni ina kewarta. Shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ya bi ni kicin ya zauna yana kallona ina yanka albasa, ta damansa nake tsaye.

Mutumin nan da kunne ya same ni. Muna sabon aure, ina dawowa daga makaranta, kafin in taɓa ƙofa ya buɗe. Ya ce cikin duk matan layin tafiyata yake ganewa, wai ƙafar hagu nake ja kaɗan idan na gaji. Shi ne yake jin famfo yana ɗiga daga ɗaki uku, shi ne yake gaya wa bakanike abin da ke damun mota tun kafin a buɗe gabanta. Abokansa Sarkin Kunne suke ce masa. Wasu mazan da ƙarfi suke taƙama, wasu da dukiya. Shi abin da Allah Ya ba shi ke nan, kuma a kansa ya gina duk farin cikinsa.

Ina tausayinsa. Ina kuma tsoro. Na rubuta a nan don ba ni da wanda zan gaya wa, wanda na saba gaya wa shi ne.

Alhamis, da yamma

Bai kira ba. Ni ma ban tuna masa ba, na gaji da ganin yadda fuskarsa take rufewa.

Asabar, bayan azahar

Amfilifaya ta dawo. Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau, ko ƙura bai samu ba. Maigida ya ce masu gyaran yanzu da mita suke ji, ba da kunne ba.

Saura sifikokin kansu. Ya ce mu musanya su, ta taga ta koma ƙofa, ta ƙofa ta koma taga. Na ce a kira masu ƙarfi. Ya ce babu wanda zai taɓa masa su da hannun gumi. Haka muka shimfiɗa tsohon bargo muka kwantar da kowace a kai, muna ja muna hutawa, tsoho da tsohuwa. A tsakiyar aikin ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa, ya ce in ba shi minti ɗaya. Na zauna kusa da shi na yi kamar ni ce na gaji, har ina haki na ƙarya, ya ce da ma ya san ba ni da ƙwari.

Muka gama, muka sake awo, ya ɗora faifai. Raunin yana wajen taga.

Ya ce, "To ai shi ke nan, na gane. Tagar ce. Gilas ne yake cinye sautin."

Lahadi, da hantsi

Katifar baƙi tana jingine a jikin taga. Ya ɗora mata barguna biyu. Ɗakin ya yi duhu ya yi zafi, kuma matar nan tana nan a dama inda ya bar ta.

Litinin, bayan la'asar

Na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na tarar da shi yana ƙwanƙwasa bangon hagu da bayan yatsa, yana cewa wataƙila akwai rami a ciki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baban yara, waya ta kuɓuta, amfilifaya ta kuɓuta, sifika ta kuɓuta, taga ta sha katifa. Yanzu bango za ka rushe?"

Ya ce, "In ta kama."

Na ce likita makon farko ya ce, ga shi mun cinye na biyu mun shiga na uku. Na ce ni ba sauti na aura ba. Har karin maganar nan ta zo mini baki, ta in kunne ya ji jiki ya tsira, Allah Ya taimake ni na haɗiye ta.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Ya ce, "Malama, ki bar ni in ji shi daidai sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, kafin su taɓa ni. In likitoci sun shiga kan nan ba su san abin da za su bar ni da shi ba."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci abin da bakinsa. Na fita na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, da yamma

Daga asibiti aka kira, wayata suka kira ba tasa ba. Likitan da kansa. Ya yi mini bayani a tsanake, ya fi na ranar farko tsawo. Na rubuta komai a raina, a nan ba zan rubuta ba. Abin da ya maimaita shi ne abin ba ya jira.

Laraba, da hantsi

Malam Dogo ya zo, ya ga katifa a taga, bai yi ko murmushi ba. Da zai tafi na raka shi bakin get, abin da ban saba ba. Na ce, "Malam Dogo, kai ma ka san gaskiya. Don Allah me ya rage ya gwada, mu san ranar da wannan abu zai ƙare?"

Ya daɗe yana juya makullin motarsa. Ya ce gwaji ɗaya ya rage, kuma ba ya buƙatar ko sukudireba. Mutum ya juya kujera ya ba sifikokin baya. In raunin ya tsaya wajen taga, laifin ɗaki ne. In ya tashi ya koma wajen ƙofa, to ya bi mutumin ne, a jikinsa yake.

Na ce to ka gaya masa mana.

Ya ce, "Malama, shi ya koya mini. Da shi yake farawa idan ya je duba kayan wani. Kin ga mu duka, sifika, allura, ɗaki, duk gardamar banza muke yi. Kunne biyu muke yi wa hidima." Ya shiga mota, ya sauke gilas ya ce, "Kada ki juya masa ita. Ki bari ya juya da kansa."

Alhamis, bayan azahar

Ya fita aski. Na shiga ɗakin da tsintsiya, na tsaya a bayan kujerar na dafa ta da hannu biyu. Ba ta da nauyi. Juyi ɗaya ne, in ya dawo ya same ta a haka ya san na sani, mu huta da wasan ɓuya. Na daɗe a tsaye, sai na zagaya na zauna a cikinta.

Ban taɓa zama ba. Ba hana ni ya yi ba, ni ce nake cewa daga kicin ma ina ji. Na ɗora faifan yadda nake ganin yana yi, a hankali kada in karya masa allura.

Ashe gaskiya yake faɗa duk shekarun nan. Sifikokin sun ɓace. Matar tana tsaye a gabana, a tsakiya, ina jin ta ja numfashi kafin ta fara, ina jin yatsa yana zamewa a kan tsirkiyar jita. Mutumin nan ya gama aikinsa tun ranar Talatar farko, ya gama shi cif, kuma duk duniya shi kaɗai ne ba zai iya ji ba. Na yi kuka sosai.

Ban ji shigowarsa ba. Na buɗe ido na gan shi a bakin ƙofa, inda na saba tsayawa, da sabon aski.

Ya ce, "Ina take?"

Na ce, "A tsakiya take, Baban yara. Har numfashinta nake ji."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Kin taɓa mini allura." Ya juya ya tafi ɗakin kwana, bai ci abincin rana ba.

Juma'a, da safe

Ina wanke kofuna na ji ƙarar jan kujera a kan kafet, sai kiɗa ya tashi. Na goge hannuna na tsaya a baranda. Ban shiga ba sai da kiɗan ya tsaya.

Ya ba sifikokin baya, fuskarsa tana kallon bangon baya, hannayensa a kan gwiwa. Ya ga na shigo.

Ya ce, "Ya tashi daga taga. Ya koma wajen ƙofa."

Na ce to.

Sai ya yi wata 'yar dariya, idonsa cike da ruwa. "Ashe kayana lafiyarsu ƙalau, Malama. Na haɗa shi daidai."

Na ce ka haɗa shi daidai, Dogo ya ji, Mamanka ta ji, ni ma na ji. Ya ce a cire katifar nan daga taga, an zalunce ta. Sannan ya ce ya san an kira ni ranar Talata, ya ga fuskata da na fito daga ɗaki.

Ya buga hannun kujerar na dama da tafinsa. "Zo ta nan. Ki gaya mini abin da likitan ya ce, duka, kada ki rage mini komai."

Na durƙusa ta damansa, na sa bakina kusa da kunnensa, na gaya masa. Bai katse ni ba. Da na gama ya riƙe hannuna ya ce in miƙo masa wayarsa, shi zai kira da kansa.

Juma'a, bayan la'asar

Gobe da safe za su karɓe shi a asibiti. Mamansa ta ce za ta zo da mota, ya ce ta zo, amma ta sani da ƙafarsa zai shiga. Yanzu haka yana baranda yana goge takalmansa, ni kuma ina haɗa masa jaka, na rasa riga nawa zan sa.